Abin da Asfirin Ya Bari a Jinin Baba

Talata, ƙarfe biyar na yamma

Jinin bai tsaya ba.

Tun hantsi aka fito da Baba daga ɗakin tiyata. Aikin fitsari ne irin na tsofaffi, likita ya ce ƙaramin abu ne, jibi ma sai a sallame shi. To ga rana ta yi sanyi, robar fitsarin da ke rataye a gefen gadon har yanzu ja take cika. Nas ta juye, ta sake cika. Yaya sai kai-komo yake a baranda yana amsa waya. Matarsa, Anti, tana riƙe da hannun Baba tana goge masa gumi. Goggo, ƙanwar Baba, ta kafa kujera a bakin ƙofa tana yi wa duk wanda ya wuce da farar riga tambaya, har mai shara.

Ni kuwa na fito na zauna cikin mota ina rubutu, kamar wadda aka aiko ɗaukar rahoto.

Jiya kafin a kwantar da shi nas ta yi mana wata tambaya. Ba zan rubuta ta yanzu ba.

Laraba, da safe

An yi masa ƙarin jini. Yaya ne ya bayar. Fuskar Baba ta yi fari fat, leɓɓansa sun bushe. Ya buɗe ido ya ce, "Auta, ba ki tafi aiki ba?" Na ce na nemi izini.

Na tare likitan a gindin matakala, inda babu kowa. Yaro ne da shi, ban jin ya girme ni. Na ce, "Likita, idan a ce yana shan asfirin fa?"

Ya tsaya cak. "Yana sha ne, ko idan a ce?"

"Na ga kwalba a shagonsa."

"Tun yaushe?"

"Zai kai shekara."

"Yaushe ya daina?"

"Ranar Lahadi."

Ya kalle ni har sai da na sunkuyar da kai. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Cewa kawai ya yi, "Da kun faɗa ranar Litinin da mun ɗaga aikin." Sai ya tambaye ni aikin da nake yi. Na ce koyarwa. Ban faɗi abin da nake koyarwa ba.

Laraba, da yamma

Likita ya tara mu ya yi bayani: akwai asfirin a jikin Baba, shi ya hana jinin daskarewa, amma yanzu sun san abin da za su ba shi. Bai ce daga bakin wa ya ji ba.

Goggo ta juya a hankali ta zuba wa Anti ido. "Wa ke ba shi magani a gidan?"

Kowa ya sani. Anti ce. Tun rasuwar Inna ita ke jera masa ƙwayoyin hawan jininsa a ɗan faranti, safe da yamma, ita ke tsayawa a kansa sai ya haɗiye. Ta ce, "Wallahi Goggo, abin da asibiti suka rubuta shi kaɗai nake ba shi."

"To aljani ne ya ba shi?"

Yaya ya kalli matarsa. Ya haɗe rai, ya juya mata baya. Ni ina tsaye da jakata a hammata, ina kallo.

Alhamis, ƙarfe biyu

Sai da na shiga aji, babu wanda zai riƙe min. Kuma a duk makonnin shekara, wannan ne makon da ɗaliban shekara ta biyu ke haɗa asfirin a ɗakin gwaji. Ni ke koyar da shi. Ni na rubuta musu jagorar da hannuna.

Na zana musu asetil a allo kamar kullum: kabon biyu, haidurojin uku, oksijin ɗaya. Ɗan mitsitsin abu. Na ce shi ne a cikin ruwan tsamin nan na khal, kuma sukari da kitsen da muke ci ta hanyarsa suke bi kafin su zama ƙarfi a jiki. Na ce ku ɗauki wannan farin garin, ku liƙa masa asetil, kun sami asfirin. Ɗakin ya gume da warin tsami, suna ta dariya suna toshe hanci.

Sai na zo layin da nake karantawa duk shekara ba tare da tunani ba. Idan an haɗiyi asfirin, ba ya daɗewa a jini, cikin awa guda kusan duk ya wargaje. Amma kafin ya wargaje sai ya sauke asetil ɗinsa a jikin ƙananan ƙwayoyin da ke daskarar da jini. Ya liƙe musu, ba ya fita. Ƙwayar da ya taɓa ta gama aiki har ta mutu. Sai dai jiki ya ƙera sababbi, wannan kuwa sai mako guda ko fiye.

Na karanta rabin farko, na tsaya. Na ce su karanta sauran da kansu, na fita.

Rabin farkon nan shi na riƙe ranar Lahadi. Na ce wa Baba, "Daga yau ka daina, kafin Talata babu ɓurɓushinsa a jikinka." Lissafin ƙwayar na yi, na manta da abin da take bari a baya. Yana nan a shafi na uku na jagorar da ni na rubuta.

Juma'a, da hantsi

Robar ta fara yin ruwan hoda. Nas ta ce alamar sauƙi ce.

Yau ma ban faɗa ba.

Asabar, da yamma

Bari in rubuta tambayar, tunda takarda ba ta da ido.

Nas ta ce, "Bayan na hawan jini, yana shan wani magani? Ko na ciwon kai ne, ko na sirka jini?" Anti ta ce babu. Sai Yaya ya nuna ni yana murmushi: "Tambayi Dokta, ita ce mai ilimin sinadarai a gidanmu." Haka yake kirana tun da na gama digiri na uku, rabi tsokana rabi alfahari. Nas ta juyo gare ni da biro a hannu.

Na tuna. Ba mantuwa ba ce, kar in yi wa kaina ƙarya. Na tuna sarai, na kalli Baba, ya kawar da kai. Na ce a raina ai ya daina tun jiya, me zai sa in tayar da ƙura? Na ce, "Babu."

Ni na fara ba shi. Bayan shanyewar ɓarin jiki ta ɗauke Inna sai tsoro ya kama ni, duk sanda wayata ta yi ƙara sai gabana ya faɗi. Na yi karance-karancena, na yanke cewa ƙwaya ɗaya kullum za ta kare shi. Yaya ya ce sam, ba a ba tsoho abin da likita bai rubuta ba. Na ji haushi, mai sayar da tayoyin mota ne zai koya min magani? Sai na saya na kai wa Baba shagon ɗinkinsa, ya ɓoye a aljihun keken ɗinki, cikin zarurruka. Kullum in ya buɗe shago sai ya sha. Yakan kashe min ido ya ce, "Na sha maganin Auta."

Lahadi, ƙarfe huɗu

Yaya ya ce wa Anti ta je wajen mahaifiyarta ta huta. Kowa ya san irin wannan hutun. Ta tafi da ƙaramar 'yarsu, manyan yaran biyu suna gida saboda makaranta.

Goggo ta ce da ma ita tuntuni hankalinta bai kwanta ba, mace mai yawan shiru-shiru ba a san cikinta ba. Ta dafa kafaɗata ta ce, "Ke dai Allah ya yi miki albarka, ba don kin gano wa likita ba da yanzu wani zancen ake." Ashe wata nas ta gan mu ni da likita a matakala, ta ba ta labari.

Na ce amin. Da bakina na ce amin!

Talata, da rana

Ban iya cin abinci. Shayi kawai, shi ma rabi.

Laraba, ƙarfe shida na yamma

Anti ta kira ni. Ta yi wa Baba romo marar gishiri yadda yake so, in zo in karɓa, don ta san Yaya ba zai ɗauki wayarta ba.

Gidan mahaifiyarta ɗaki biyu ne a bayan wani kanti. Ta fito da filas a hannu, ta rame, idanunta sun faɗa. Ta tambaye ni ko Baba yana barci, ko ana juya masa matashi, ko manyan yaran sun tafi makaranta da wankakkun kaya. Sannan ta ciro wata leda daga cikin jakarta. Kwalayen maganin Baba ne, tsofaffi da sababbi, duk ta adana.

Ta ce, "Dokta, ke kin san abin nan. Don Allah duba min. Ko a ciki akwai mai asfirin ban sani ba? Tun ranar nake juya abin a raina. In ni ce, gara in sani."

Ta miƙo min da hannu biyu. Mace ce da ta yi shekaru tana wanke wa ubana ƙafa, tana tsaye a gabana tana roƙon in taya ta gano laifinta. Na karɓa, na jujjuya kwalayen kamar mai karantawa. Na ce, "Babu a ciki, Anti."

Ta sauke ajiyar zuciya. "To daga ina?"

Ƙofa ta buɗe min a nan, a wangale. Na ce romon zai huce, na shige mota. Sai da na yi nisa na tsaya a gefen titi na kifa kaina a sitiyari. Tir da ni.

Alhamis, da safe

An cire robar. Ya zauna da kansa, ya nemi rediyo.

Gobe zan faɗa. Na shirya maganar tun daga farko har ƙarshe, na maimaita ta a gaban madubi.

Juma'a, da yamma

Baba ya riga ni.

Ya shanye romon Anti, ya lashe baki ya ce, "Wannan hannun 'yata ne. Ina take? Kwana biyu ban gan ta ba." Goggo, da ba a riƙe mata baki, ta zayyane masa komai. Na ga fuskarsa ta canza. Ya kalle ni sau ɗaya, kallo gajere. Sai ya ce wa Yaya, "Matso nan."

Ya ce shi ya saya da kansa. Wai wani abokinsa a layin teloli ya ce yana gyara jini, shi ne yake aika yaro kemis. Babu wanda ya sani, yarinyar nan ba ta da hannu. "Yau ɗin nan ka je ka dawo da ita, ka ba ta haƙuri."

Goggo ta tafa hannu. "Haba, ɗan'uwana! Da girmanka? Ka sa mun ɗauki alhakin baiwar Allah!" Kamar wani ne ya sa mata maganar a baki. Yaya ya riƙe kai ya ce, "Baba, ka kusa kashe kanka fa. Ga Dokta a gida, ba sai ka tambaye ta ba?"

Baba ya ce, "Kuskure ne. Tsufa ne."

Ina zaune a ƙarshen gadon. Da ƙasa za ta tsage da na shige.

Lahadi, da rana

An sallame shi. Anti ta dawo. Haƙurin da Yaya ya ba ta bai wuce atamfa ɗaya da "ai kin ji yadda abin ya kasance" ba. Ta ɗaura zani ta shiga kicin, kamar kasuwa ta je ta dawo.

Na ce wa kaina, to, an gyara. Ta dawo, Baba ya warke, kowa ya huta. Har na ci abinci.

Laraba, ƙarfe biyar

Ba a gyara ba.

Yaya ya karɓe makullin shagon. Ya ce daga yau Baba ba zai ƙara fita shi kaɗai ba, tunda ya fara shan abin da ya ga dama. An kwashe komai daga ɗakinsa, har man zafi. In ya ce zai zagaya bayan gida sai a tura jika ya tsaya a ƙofa. Goggo in za ta yi masa magana sai ta ɗaga murya ta rarrabe kalmomi, kamar mai magana da ɗan yaye.

Baba fa telan da ya ɗinka wa rabin unguwa kayan makaranta ne. Ɗinkin yanzu ba wani na kirki ba ne, gyaran wando ne da maɓalli, amma shagon nan shi ne safiyarsa. Ya buɗe, ya share, ya zuba wa keke mai, abokansa su zo su zauna a benci su yi ta musun ƙwallo. Yau na same shi a bakin taga da hularsa a kai, ya shirya tsaf, babu inda za shi.

Na rufe ƙofa na durƙusa a gabansa. Sai na fashe da kuka.

Ya ce, "Haba Auta, tashi. Ai da kyakkyawar niyya kika yi."

Na ce zan faɗa.

"Ba za ki faɗa ba. Ni tsoho ne, an saba tsoho ya yi shirme, a yi dariya a wuce. Ke fa? In aka ji, wa zai ƙara tambayarki wani abu a gidan nan? Yayanki zai riƙe ki da shi har ki tsufa. Na hana ki."

Sai ya ce in duba masa ko rediyon batir yake so.

Alhamis, da safe

Ɗalibai sun kawo asfirin ɗin da suka haɗa in ba su maki. Fari tas, kamar gishiri. Na ba kowa abin da ya samu, na kulle ofis na zauna.

Juma'a, da yamma

Yaya ya kira ni, muryarsa wasai. Ya sami mai karɓar shagon, wani mai gyaran waya, kuma akwai telan da ke son keken. "Gara a rufe babin nan, Dokta, ko ya kika gani? Ke ce mai tunani."

Na ce a bari tukuna. Ya ce an riga an yi magana.

Asabar

Ya hana ni. Uba ne, ya hana ni. To amma shagonsa ne.

Lahadi, ƙarfe biyar na yamma

Na faɗa.

Bayan an gama cin abincin rana, kowa yana falo. Na tashi tsaye. Maganar da na shirya duk ta gudu. Cewa na yi, "Yaya, kar ka sayar da keken. Ba Baba ya saya ba. Ni ce. Ni nake saya ina kai masa shago, ni na ce ya ɓoye, ni na ce wa nas babu."

Na rufe ido ina jiran abin da zai sauka a kaina.

Sai na ji dariya. Yaya ne, dariya mai taushi, har da girgiza kai. "Kai, Dokta! Ke da Babanki sai Allah. Yanzu don a bar masa shago za ki yi wa kanki ƙazafi?"

Na ce wallahi ni ce.

"Ke? Ke da kike koyar da abin nan? Ke da kika tare likita kika gano masa? Ko yaron goye ba zai yarda ba. A ce mai digiri uku ba ta san ana daina asfirin tun mako guda kafin aiki ba? Haba, nemi wata dabarar."

Na juya wajen Baba na ce ya gaya musu. Yana kallon tafin hannunsa. Ya ce, "Ƙarya take yi. Tausayina take ji."

Goggo har da share hawaye da gefen mayafi. "Ka ga 'ya ta gari. Allah ya ba ki masu yi miki haka." Yaya ya taso ya dafa kaina kamar ina ƙarama, ya ce in kwantar da hankalina, Baba zai saba, hutu ne ya kama shi. Na sake faɗa, na ɗaga murya, na ce a kira mai kemis ɗin kusa da ofishinmu a tambaye shi. Yaya ya ce, "To, to, mun ji," ya ƙara sautin talabijin.

Na kwashi kwanuka na yi kicin don kar in fashe a gabansu.

Anti tana wanke-wanke, ta ba ni baya. Ta ji komai, tsakanin kicin da falo labule ne kawai. Na ajiye kwanukan a gefenta. Ta ci gaba da cuɗa tukunya, ta ɗauraye, ta kife. Ba ta juyo ba ta ce, "Ni na yarda da ke, Dokta."

Na tsaya ina jira ta zage ni, ko ta tambaye ni dalili, ko ta watsa min ruwan. Babu ko ɗaya. Na ce, "Anti, ki yafe min." Ta ce in miƙo mata wancan farantin. Na miƙa, ta wanke.

Sai ta goge hannu a zani, ta zura shi bayan gwangwanin sukari, ta ciro makullin shagon. Ashe nan Yaya ya ba ta ajiya.

"Gobe da safe za su zo ɗaukar keken," ta ce. "Yayanki ya ce ke za ki buɗe musu, ke ce mai mota."

Ta sa min shi a tafin hannu, ta koma kan kwanukanta.